Mangwaron Inna da Ruwan Bayan Katanga

Kun taso kuna jin ana cewa Baffanku Sale ne ya kashe mangwaron gidanmu na Challawa don ya samu filin gina ɗakunan haya. Na ji maganar a bakin Gwaggonku Asabe, na ji ta a bakin babarku, har ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Hadiza na ji ɗayanku yana maimaita ta yana ƙyaƙyata dariya, sai ka ce a gabansa aka yi. To, ku buɗe kunne da kyau. Ba haka aka yi ba, kuma ni da na san yadda aka yi na kama bakina har gemuna ya yi fari fat. Yanzu da likita ya raba ni da gishiri da hawan babur, ba ni da aiki sai zama da tunani, tunanin kuwa ya ishe ni.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, shi ya dasa mangwaron a shekarar da aka kawo masa Inna. Ya dasa shi a kusurwar tsakar gida dab da katanga, har rabin saiwarsa ya ratsa ta ƙasa ya fita waje. Cibiyarmu mu uku, Yaya Sale da Asabe da ni, duk a gindinsa aka binne. Lokacin da aka yanki gonaki don kafa masana'antu, ina tsaye katafila ta tumɓuke mana ɗorawa da kanya da kuka biyu tsakanin hantsi da azahar. Baba bai daɗe ba bayan wannan. Daga cikin duk abin da hannunsa ya shuka, mangwaron nan kaɗai ya rage, domin shi a cikin gida yake. A inuwarsa Inna take kaɗi, a nan take sallar walha, a nan take karɓar gaisuwa. Asabe, da take aure a Ɗorayi, ta yi ta fama da ita ta koma wurinta ta huta da ƙarar injuna da warin jima, amma amsar ɗaya ce kullum.

"In dai mangwaron nan yana tsaye, ina gidan mijina. Ku ƙyale ni."

Ni ne auta, kuma ba zan ɓoye muku ba, an shagwaɓa ni. Na samu aiki a wata masaƙa, a sashen saƙa, ina da kaki da keke da agogon hannu, na iya ce wa Bature barka da safiya da harshensa. Wallahi a lokacin gani nake duk garin ba wanda ya kai ni wayewa. Yaya Sale kuwa manomi ne, mai kaushin hannu da kaushin baki, yana riƙe da ɗan abin da ya rage mana a fadama. Shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana ido da ido. Sai dai ta kalli bango ta ce a gaya wa wancan ya zo ya ɗauki tuwonsa. Shi ne ya taɓa cewa, sau ɗaya tak, da za a rage tsakar gida a yi ɗaki biyu, da mutanen Gumel da Damagaram da suke kwana a zaurukan mutane sun samu wurin kama haya. Inna ta ji, ta ajiye maganar a ranta.

Sai aka shiga shekarar da damina ta yi gardama. Rijiyarmu ta ja baya har guga yana dawowa da laka, mata suna bin layi tun asuba a bakin rijiyar masallaci. Da bazara ta kama, mangwaron ya soma yaushi, ganyensa ya sunkuya. Inna ta riƙa rage ruwan alwalarta tana tsiyaya masa, tana tsaki. Abin ya tsaya mini a rai. A bayan gidanmu kuwa, tafiyar da ba ta kai a sha wahala ba, akwai wata kwata da take fitowa daga wajen masana'antu. Ba ta ƙafewa rani da damina. Yau ka gan ta shuɗiya, gobe ja, jibi baƙa ƙirin, da ɗumi kamar an sauke daga murhu. Ga yadda kaina ya lissafa mini, ku ji wautar ɗan zamani. Na ce ai rini mun san shi tun kakanni, ganyen baba ne da toka. Jima ma mun san ta, bagaruwa ce. Me ganye da toka za su yi wa itace in ba ƙarin lafiya ba? Har na ƙara da cewa wannan na Turawa ne, ƙila ma da sinadari a ciki irin na takin zamani da malaman gona suke ta yi mana talla. Ni da ban taɓa leƙa sashen rini na masaƙarmu ba, ban san me ake zubawa a tukwanen ba.

Abu ɗaya na sani, Inna ba za ta yarda ruwan kwata ya taɓa wurin da take salla ba. Don haka ban shigo da shi gida ba. Na haƙa ɗan gurbi a bayan katanga, daidai inda saiwar ta fito, kullum in na taso daga aikin safe sai in ɗaura garwa biyu a keke in ɗebo in zuba. Wata rana ta ji motsina ta bayan katanga ta ɗaga murya.

"Auta, me kake yi a nan?"

"Ruwa nake ba mangwaronku, Inna. Daga kogi na ɗebo."

"Daga kogi? Da ranar nan? Allah ya yi maka albarka."

Da farko kamar abin arziki. Ganye ya miƙe, ya yi shar, har maƙwabta suna tambaya. Na riƙa tafiya ina ɗaga kafaɗa. Bayan wata biyu sai bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an bi shi da wuta. 'Ya'yan suka riƙa zuba tun suna ƙanana, in ka fasa cikinsu baƙi. Wani ƙaro mai duhu ya dinga tsattsafowa daga jikin itacen. Na daina ɗebo ruwan, na cike gurbin da ƙasa na tattake, na ce ƙila ya farfaɗo. Ina! Kullum in na dawo, tun daga nesa nake ɗaga kai in duba samansa, kullum sai na ga ya fi jiya sanƙo. A wurin aiki zare yana tsinkewa a gabana ban gani ba, har shugaban sashenmu ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Tuwo ya daina shiga. Babarku, lokacin tana amarya, ta ɗauka girkinta ne bai yi mini ba, ta yi ta kuka a banza.

Babban reshen da ya bi ta saman ɗakin Inna shi ya fara bushewa gaba ɗaya. Kaurinsa ya kai jikin mutum. In iska ta taso sai ka ji yana ƙara, ƙiƙiƙi, ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma. Yaya Sale ya tare ni a zaure.

"Kai, ɗan kaki. Reshen nan zai kashe tsohuwar nan muna kallo. Ni in na yi magana an ce haya nake nema. Kai take ji, ka nemo mai saran itace."

Na gwada yi mata maganar ta koma ɗakin babarku kafin a ga abin da hali zai yi. Ta ce ɗakin da aka kawo ta ba ta barinsa don iska. Na ce to a rage reshen. Ta kalle ni kamar na zage ta, ta ce ƙarfe ba zai hau itacen Malam ba tana raye.

Duk da haka na hau keke na tafi Kumbotso neman Malam Tanko. Shi ne wanda duk yankin ake kira in itacen gida ya yi ciwo, ko ana son a aurar da mangwaro, ko a sauke reshe daga kan rufi ba tare da an fasa ko tukunya ba. Dattijo ne siriri, ɗan gajere, da igiya a kafaɗa da barandami a hannu, ba ka ce zai iya hawa turmi ba. Da ya shigo gidanmu ya gaida Inna daga nesa, na zaci zai ɗaga kai ya dubi rassa. Ko kallonsu bai yi ba. Ƙasa ya riƙa bi da ido, yana zagaya gindin yana taka ta da tafin ƙafa. Sai ya ce in raka shi bayan katanga. Ya je daidai inda na cike, kamar shi ya haƙa, ya tsuguna ya tona da bakin barandami. Ƙasar ta fito shuɗi-shuɗi, da wani farin gishiri a kai. Ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar. Ya jawo wata siririyar saiwa, ta saɓule a hannunsa kamar dafaffiyar rama.

"Wa yake ba shi ruwa a nan?"

Na kau da kai ina kallon katanga.

"Samari, ni ba alƙali ba ne. Wata nawa?"

"Biyu, Malam. Na ɗauka rini ganye ne da toka."

"Ash-sha! Wancan rinin kakanni ke nan. Wannan ko kare ba ya sha. Kai ne na huɗu da na gani bana."

Na tambaye shi ko zai tashi. Ya ce rai na Allah ne, amma ga abin da ya sani. Saiwar da ta rage ba za ta iya ɗaukar wannan uban kai ba, sai an datse rassan duka a bar kututture da manyan gwiwoyi. A kwashe ƙasar bayan katanga har zurfin ƙugu, a zuba yashin kogi da takin shanu. Sannan a jira damina. In ya yi toho ya riƙe har kwana arba'in, ya tsira. In bai yi ba, sai haƙuri. Ya kuma gaya mini ƙa'idarsa, wadda ya gada daga ubansa: ba ya ɗora ƙarfe a itacen gida sai wani daga masu gidan ya kama ƙotar gatarin da hannunsa ya ce ya ba da izini, da ƙarfi, kowa ya ji. Ya ce ya ga gidajen da suka watse a kan itace, ba ya son a ce shi ya shiga tsakani.

"Ka gaya wa mahaifiyarka gaskiya. In ta san dalili za ta yarda, kuma kai ya kamata ka kama ƙotar."

"Malam, ku rufa mini asiri. Ba zan iya ba."

"Ni ba na kai tsegumi. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba."

Aka sa ranar Laraba. Kwana uku ina shiga ɗakin Inna da niyyar faɗa, ina fitowa da labarin tsadar gero. Ranar Talata da la'asar aka yi wata iska, reshen ya tsage daga gwiwa, ya sauko ya tsaya bai fi kamu biyu daga rufin ba, Inna tana ciki tana jan carbi. Na shiga da gudu, ta ce in fita ina tare mata haske. A makon aikin safe nake yi. Da na so, akwai abokin aikina, wani mutumin Haɗeja, da zai karɓe ni ba tare da wata magana ba, na sha karɓarsa. Ban tambaye shi ba. Da gari ya waye na saka kaki na sulale. Wannan shi ne abin da na yi, ku rubuta shi a ranku yadda na rubuta shi a nan. Tsoro ne ya kore ni, ba aiki ba.

Abin da ya faru a bayana babarku ce ta ba ni labari. Malam Tanko ya zo da hantsi, ya shimfiɗa igiyoyinsa, ya tambaya ina mai ba da izini. Aka ce na tafi aiki. Ya ce to shi zai koma. Yaya Sale ya dubi reshen, ya dubi gabas inda gari ya yi baƙi, ya tako ya kama ƙotar.

"Ni Sale, ɗan masu gidan nan, na ba ka izini. Sare."

Inna tana bakin ƙofarta, ta ji da kunnenta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma tambayi Malam Tanko komai ba. Da ta tambaya da an huta. Tabarmarta kawai ta naɗe ta shiga ɗakin babarku ta juya wa ƙofa baya.

Da na dawo, tun daga kan hanya na ga sama fayau a inda ba a saba ganinta ba. Aikin kam ya yi kyau, ba zan ci haƙƙin mutumin ba. Kowane reshe sai da ya ɗaure shi ya fara sararsa ta ƙasa don kada ɓawon ya yage, sannan aka zuro shi a hankali, ko ƙwarya ba ta fashe ba. Kowane bakin sara ya shafe shi da yumɓu da kashin shanu. Amma itacen ya koma kamar mutumin da aka yanke wa hannuwa. Na tarar da Inna ta fito tana tsaye a rana, Yaya Sale yana tattara igiya. A ranar ne, karo na farko a rayuwata, na ga ta kalle shi a ido.

"Ka samu filin hayarka. Ka jira Auta ya fita, ka samu."

Ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Ni ma ban ce ba.

Washegari muka fita bayan katanga kwashe ƙasa, ni da shi. Ina haƙa ina satar kallonsa. Da muka kai zurfin gwiwa ƙasar ta koma kalar tsohuwar riga mai shuni, wari ya buge mu. Ya tsaya ya jingina da shebur. Ya dubi ramin, ya dubi kekena da yake jingine, wanda har lokacin akwai shuɗin tabo a kariyarsa inda garwa take ɗiga. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya, bari in je in gaya mata."

"Ka gaya mata me? Wawa kawai. Haƙa."

"Ai ba kai ba ne."

"Na san ba ni ba ne. Ni tun da aka haife ni ba ta kira sunana ba, na saba. Kai kuma in ta ji, wa ya rage mata? Ta rasa miji, ta rasa gona, ga itace. Ka bar mata ɗa ɗaya. Haƙa, na ce."

Na ci gaba da haƙa. Na so in ce muku don biyayya ga yayana na yi shiru, amma ƙarya ce. Daɗi na ji, daɗi irin na wanda aka sauke wa kaya, kuma kunyar wannan daɗin ba ta sake ni ba har yau.

Damina ta sauka. Muka zuba yashi da taki, muka zuba ido. Ban taɓa sanin kwana arba'in suna da tsawo haka ba. Kafin in tafi aiki sai na zagaya kututturen ina shafa gwiwoyinsa, in na dawo kafin in sha ruwa sai na sake. Inna ta dawo da tabarmarta gindinsa, tana zama a rana da mayafi a ka. A kwana na goma sha wani abu, sai ga toho a gwiwar gabas, ganye uku jajaye masu sheƙi. Na kwala ihu har kaji suka watse. Inna ta sa aka yi waina aka raba sadaka. Yaya Sale da kansa ya yanko ƙaya ya kewaye gindin don awaki, ta ga yana yi ta kau da kai. Kwana shida tohon ya yi. A na bakwai bakinsa ya fara baƙi, irin baƙin da na sani. Na tsaya a gabansa ina roƙon Allah a fili kamar mahaukaci, ina cewa ya ɗauki lafiyata ya ba itacen.

Da kwanakin suka cika Malam Tanko ya dawo. Ya kankare ɓawon da farce a wuri uku, ko'ina busasshe. Ya nuna mini inda gara ta fara gini. Ya ce kada a bar shi ya kai wata damina, zai faɗo wa katanga. Ya je ya durƙusa a gaban Inna ya yi mata ta'aziyya kamar ta mutum, sannan ya ɗaga kai ya ɗan jira, ina jin yana ba ta damar tambaya ne, ko yana ba ni damar magana. Ba wanda ya yi amfani da ita. Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa ya tafi.

Inna ba ta jira a kayar da kututturen ba. Ta aika wa Asabe ta zo da mota. Yaya Sale ya ɗauko akwatinta zai kai, ta ce a gaya wa wancan ya ajiye mata kayanta. Ya ajiye a hankali ya koma zaure. Bai taɓa gina ɗakin haya a filin ba, har ya rasu wurin yana nan fili, ku da kanku kun yi wasa a kai. Ita kuma shekara biyu ta yi a Ɗorayi Allah ya karɓi abarsa, kuma duk zuwan da ya yi gaishe ta, daga bayan labule take amsa masa.

Ni na ɗauki akwatin na kai mota. Ta shiga ta zauna, na riƙe ƙofar ban rufe ba. Na ce a raina yanzu ne ko ba har abada, domin daga inda nake ina hango Yaya a bakin zaure yana gyara ƙotar fartanya, kansa a ƙasa. Na durƙusa kusa da tayar mota.

"Inna, akwai maganar da nake so in gaya muku a kan mangwaron nan."

Ta ɗora hannunta a kaina. Hannun ba nauyi, sai ƙashi.

"Na sani, Auta, ba sai ka faɗa ba. Ka yi iyakar ƙoƙarinka. Duk gidan nan kai kaɗai ka ji tausayinsa. Yadda ka yi masa, Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka."

Direba ya tayar da mota. Asabe tana cewa in yi sauri rana tana yi. Yaya Sale ya ɗago kai ya kalle ni daga zaure, ya girgiza shi kaɗan.

Na ce amin, na rufe ƙofar.